Uwar Sauro da Mai Kifi

"Dokar jami'a ce, ba tawa ba," in ji Shugaban sashenmu. "Miji da mata ba sa zama a sashe ɗaya. In dai auren nan za a yi, to ɗayanku zai tattara."

Ɗayanku ya ce, amma ni yake kallo. Idonsa bai ko sauka a kan Mai Kifi ba, wanda ke zaune a gefena yana murza makullin babur ɗinsa kamar shi aka kama da laifi.

Ni ce Uwar Sauro. Ɗalibai ne suka laƙa mini sunan, ya bi ni har gida. Ina koyarwa a sashen nazarin halittu, ina kuma kiwon sauro a wani ɗan ɗaki da ke ƙarshen baranda, ina binciken abin da ya sa maganin feshi ya daina kashe su. Shi kuwa Mai Kifi, kifi yake kiwo a kwamin siminti a bayan gininmu. Abin dariyar, kifayensa ba su da abincin da suka fi so irin 'ya'yan sauro. Duk sashen an san wannan, kuma an sha tsokanarmu a kai.

"Akwai kwalejin horon malamai a can bakin gari," Shugaban ya ci gaba. "Suna neman mai koyar da 'yan ajin farko. Babu wahala, da azahar kin tashi. Ga mace mai shirin shiga ɗaki, ai wannan hutu ne."

"Sauron fa, Farfesa?"

Ya yi dariya har da buga tebur.

"Haba Dakta. Sauro ai ko'ina akwai shi. Ko a gidana ki zo ki kwasa."

Ban yi dariya ba. Ya san sarai nawa ba irin na gidansa ba ne. Tun ina karatun digirin ƙarshe nake kiwon zuri'ar nan, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika, na san abin da aka fesa wa kowace da abin da ta jure. A ɗaki aka haife su, ba su taɓa cizon mai cuta ba. Kwalejin da yake magana ko famfo mai kyau ba su da shi, balle ɗakin gwaje-gwaje. Kuma a ƙarshen zangon nan kwamitin ƙarin girma zai zauna. In aikina ya kammala, ni ce mace ta farko da za ta zama babbar malama a sashen tun da aka kafa shi.

Muna fitowa na juya wa Mai Kifi.

"Ka yi shiru."

"Tunani nake yi."

"Kullum tunani kake yi. Ana yanka ni a gabanka kana tunani."

Ya dube ni da idanun nan nasa masu sanyi, waɗanda wallahi su ne suka ja mini duk wannan wahalar.

"Yayana ya ce a gidanmu ba a taɓa namijin da ya bar aiki saboda mace ba. Ya ce in na yi, kada in sa ran zai taka ƙafarsa gidanku neman aure. Kin san tun da mahaifinmu ya rasu shi ne uba."

"To shi ke nan. Ni a gidanmu an saba."

Na wuce na bar shi a tsaye. Ina sonsa, ban taɓa ɓoye wa kaina ba, amma a ranar da zan iya cire son in ajiye a kan baranda da na cire.

* * *

Duk wanda ya ji labarina sai ya zaci Umma tana cikin masu cewa in bar aiki in yi aure. Ina. Umma ta fi ni kishin aikin nan.

Ita ma ta fara karatun kimiyya a zamaninta. Tana shekarar ƙarshe aka yi aurensu da Baba, Allah ya ji ƙansa, aka ce ta ɗan dakata sai ta haihu. Ta haifi Yaya, aka ce sai ta yaye. Ta yaye, na zo. Har yau farar rigarta ta ɗakin gwaji tana ƙasan akwatinta, ta yi ja don tsufa, ba ta bari kowa ya taɓa.

Da na gaya mata abin da Shugaban ya ce, sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta zauna a bakin gado.

"Shi yaron me ya ce?"

"Yana tunani."

"Babanku ma tunani ya yi ta yi har ya koma ga Allah." Ta girgiza kai. "Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma kullum sai ya ce baɗi za ki koma. Auta, ni na san yadda ake yi. Ba da faɗa ake raba mace da abinta ba, da lallashi ake yi."

"Umma, shi ba haka yake ba."

"Duk ba haka suke ba, sai an shiga." Ta share ido da gefen mayafi. "Ga Likita nan, ɗan ƙawata, yana ta bin ki kamar zai yi hauka. Asibitinsa daban, jami'arki daban, babu dokar da ta haɗa ku. Ki aure shi ki riƙe aikinki, ni ma in samu jikoki kamar kowa. Ko kuwa jikokin da Allah ya rubuta mini ke nan, sauro?"

Na yi dariya ina hawaye. Ta kamo hannuna ta ture hannun rigar sama, ta dubi tabon cizon da ya cika shi daga wuyan hannu zuwa gwiwa.

Dole in bayyana wannan. Macen sauro ba ta ƙwai sai ta sha jini. Akwai na'urar da ke ɗumama jinin dabba a ba su, amma tamu ta lalace tun bara. Na yi ta sintiri ofishin Shugaban, kullum sai a ce an sa ni a layi, alhali ɗakunan maza ana ta gyara musu kaya. Da na gaji, sai na koma yadda na ga tsofaffin malamaina suna yi: in naɗe hannun riga, in ɗora hannuna a kan ragar keji, su sha su ƙoshi.

"Dubi hannun 'yata," in ji Umma. "Kin ba su jininki, kin ba su ƙuruciyarki. Sannan wani mai ƙarnin kifi ya zo ya ce ki bari?"

"Bai ce in bari ba."

"Bai ce kada ki bari ba."



* * *

Ba a rufa mako ba zazzaɓin taifot ya kayar da ni. A gaban allo na yanke jiki na faɗi, na farka na gan ni a asibitin Likita, ana yi mini ƙarin ruwa, Umma tana zaune a kaina. Wayata tana cikin jakarta, ta ce ba zan gan ta ba sai na warke.

Gaskiya Likita ya yi ɗawainiya. Mutum ne mai tsabta da fara'a, turarensa yana riga shi shigowa ɗaki. Ya ba ni ɗakin da ya fi kowanne, yana leƙowa safe da yamma, yana zolayar Umma har sai ta yi dariya. Ba ni da abin da zan ce ya yi mini na rashin kyautawa.

Wata safiya ya ja kujera ya zauna kusa da gadon.

"Umma ta gaya mini damuwarki. Ni ba zan hana ki aiki ba, Dakta. Ina alfahari a ce matata malamar jami'a ce."

"Na gode."

"Sai dai wannan ba da hannun, za a daina. Ba zan iya ganin matata da hannu haka ba. Kuma nan gaba, in yara sun zo, ga ɗakin gwajin jini nan a ƙasa, naki ne. Ki sauko ki duba, ki hau sama ki huta. Wasan sauron nan ai ba zai ɗore har tsufa ba."

Murmushi yake yi da ya faɗa. Na saci kallon Umma. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanin gado.

Mai Kifi ya zo dubiya, Umma ta tare shi a ƙofa. Ina jin muryarsa yana gaishe ta har ƙasa, ina jin tata tana cewa barci nake. Na tattara ɗan ƙarfin da ya rage mini na ɗaga murya.

"Sauron. A sa musu ruwan sukari."

"Kada ki damu da su," ya amsa daga bayan ƙofa. "Ke dai ki warke. Suna hannuna."

Yana da makullin ɗakin, ni na ba shi tun tuni. Na koma na kwanta da sanyin zuciya. Ruwan sukari kawai na ce, Allah shi ne shaidata. Shi zai riƙe su da rai har in dawo.

* * *

Ranar da aka sallame ni, Likita ya cika mini leda da magunguna, ya ce in shanye su tas, kada in tsallake ko ɗaya. Washegari da safe, Umma tana wanka, na sulale na tari mota sai jami'a.

Ina buɗe ƙofar ɗakin na san akwai matsala. Ɗakin sauro yana da kukansa, wani siririn zuuu da kunnena ya saba da shi har ba na jin sa sai in babu. A ranar babu.

Na kunna fitila. Ƙasan kowane keji ya yi baƙi. Na durƙusa na duba na farko, na duba na biyu, na bi su har ƙarshe. Duk sun mutu, cikinsu jajir da jini, ƙafafu a sama. Manyan da zan yi gwajin ƙarshe da su, waɗanda kwamiti ke jiran sakamakonsu, babu ko ɗaya mai motsi.

Ban yi kuka ba tukuna. Ina nan durƙushe ya shigo da sallama, fuskarsa cike da murna.

"An gaya mini an ga shigowarki. Sannu, kin rame. Jiya ban samu leƙowa ba, amma shekaranjiya na ba su..."

Sai ya ga kejin.

"Me ka ba su?"

Ya naɗe hannun rigarsa a hankali. Hannun ya kumbura, ya yi ruɗu-ruɗu har kafaɗa, wani wurin ya sosa ya fashe. Mutumin da sauro ɗaya in ya cije shi a ofis sai kowa ya ji labari.

"Na ga kwanaki suna tafiya," ya ce. "Na san in ba su sha jini ba ba za su yi ƙwai ba, gwajinki zai makara, kwamiti ya wuce ki. Na ce ki dawo ki tarar da ƙwai. So nake in ba ki mamaki."

Na riga na hango abin da ya faru.

"Wane magani kake sha?"

"Magani? Babu. Sai dai wanda aka ba ni na ƙaiƙayin nan da nake samu in na shiga ruwan kwami. Na tsutsa ne, ƙwaya kaɗan, tun..."

"Innalillahi."

Na zauna daɓas a ƙasa. Duk mai kiwon sauro ya san irin wannan magani. Yana zama a jinin mutum, kuma sauron da ya sha jinin ba ya kai labari. Shi ya sa kafin ka ɗora hannu a keji, tambayar farko ita ce me ka sha. A wurinmu abin ya zama jiki, har ban taɓa tunanin in gaya masa ba. Shi kuwa kifi ya sani.

"Ban sani ba," ya ce, ya durƙusa a gabana. "Wallahi ban sani ba."

"Ruwan sukari na ce maka."

"Na ji. Na so in yi fiye da haka ne."

Sai kukan ya zo, irin mai shessheƙa da ba ya bari a yi magana sosai.

"Shekaruna ne a ƙasan kejin nan. Ka san bikin da na ƙi zuwa, ka san barcin da na rasa. Maza suna wucewa ta baranda suna toshe hanci suna dariya, na daure. Aka hana ni na'ura, na ba da hannuna. Duk abin da suka kasa yi mini, kai ka yi shi da hannu ɗaya."

"Ki yafe mini."

"Yanzu ai an huta. Babu sauro, babu gardama. Sai in tattara in tafi kwalejin, kai ka zauna da kifinka, yayanka ya ji daɗi." Na ɗago na dube shi. "Ko dama da gangan ka yi?"

Tun kafin in rufe baki na yi nadama. Fuskarsa ta canza kamar na watsa masa ruwan zafi. Ya sauke hannun rigarsa a kan kumburin, ya ajiye makullin ɗakin a kan tebur, ya fita ya ja ƙofar a hankali yadda na koya masa, don kada iska ta shiga.

* * *

Abin da ya rage mini shi ne farantan ruwa da ke kan kanta. 'Ya'yan sauro ba sa shan jini, suna nan suna wutsil-wutsil abinsu, ba su san an yi mutuwa ba. Ba su da yawa, don rashin lafiyata ya sa ba a zuba sababbin ƙwai ba. Cikin 'yan kwanaki za su fashe su zama manya. In sun sha jini mai kyau sun yi ƙwai, zuri'ar ta tsira, in yi ƙoƙarin maimaita gwajin ko da a gurguje. In ba su samu ba, shi ke nan, an rufe littafina.

Jinina kuwa cike yake da magungunan Likita, ban isa in gwada ba. Ɗalibai kuwa doka ba ta yarda in sa su ba. Na bi abokan aiki ofis-ofis. Wani ya ce matarsa za ta tambaye shi, wani ya ce shi jininsa ɗaci gare shi, aka yi ta dariya. Na koma wurin Shugaban a kan na'ura, ya ce ina layi.

A gida na gaya wa Umma komai. Na zaci za ta ce ai na gaya miki. Ba ta ce ba. Ta dai tambaye ni, "Hannun nasa ya kumbura sosai?"

"Har kafaɗa."

Sai ta ce, "Likita yana son amsa kan maganar aurenku. Gobe zai zo ya kai ki a sake duba jininki. Ki ba shi amsarsa a huta."

Da gari ya waye na riga su fita. Sauron sun fara fashewa, 'yan ƙalilan, suna manne a jikin raga da ƙafafunsu sirara. Na zauna a kan kujera ina kallonsu, ba ni da abin da zan ba su.

Hantsi ya ɗaga na ji takun da na sani a baranda. Umma ce, da jakarta a hammata. Tun da na fara aiki ba ta taɓa shigowa ɗakin nan ba.

"Likita yana mota yana jira," ta ce. "Taso."

Amma ba ta juya ba. Idonta ya bi kwalabe, ya bi farantan, ya tsaya a kan madubin duba ƙananan halittu. Ta miƙa hannu ta shafa shi da yatsa ɗaya.

"Irin namu ne," ta ce a hankali. "Sai dai namu baƙi ne."

Hayaniya ta taso daga bayan ginin. Muka leƙa ta taga. Wasu mutane ne da bokitai da raga, suna kwasar kifi daga kwami suna zubawa a manyan robobi a bayan wata motar ɗaukar kaya. Kwami biyu sun riga sun bushe, sai laka. A tsakiyar na ƙarshe ga Mai Kifi, wando a naɗe, yana miƙa bokiti.

Ya ɗago ya gan mu. Ya fito daga ruwan, ya zagayo. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya, ruwa yana ɗiga daga wandonsa, ya durƙusa ya gaida Umma.

"Ina za a kai su?" na tambaya.

"Wasu manoma ne na koya wa kiwo. Na raba musu." Bai dube ni ba. "Na gaya wa Farfesa ni zan tafi kwalejin. Jiya ya amince."

"Saboda sauron da ka kashe? Ba na son diyya."

"Ba diyya ba ce. Tun ranar da kika faɗi a aji na je na same shi. Ya kore ni, ya ce in je in yi tunani, wai mace ta juya mini kai. Na koma, ya sake kora ta. Na yi ta komawa har ya gaji." Sai a lokacin ya ɗago. "Kin ce kullum tunani nake. To na gama. Kifi ana sayensa a kasuwa, duk inda na je zan haƙa rami in zuba ruwa. Naki babu inda ake sayarwa."

Ashe lokacin da nake tambayarsa ko da gangan ya yi, ya riga ya fara neman ajiye kujerarsa saboda ni, bai faɗa ba.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ba a tabbatar ba. Ban so in ce miki baɗi."

Na ji Umma ta ja numfashi. Ban taɓa gaya masa labarinta da Baba ba, kalmar ce kawai ta zo bakinsa.

"Yaro," in ji Umma. "Ka san abin da ka bari? Kai ma kana layin ƙarin girma."

"Na sani, Umma."

"Za a yi maka dariya."

"An fara tun jiya."

"Yayan naka fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ya ce babu shi babu ni. Ya ce in nemi wanda zai zo mini gidanku, shi dai ba zai zo ba. Ban san wanda zan turo ba, Umma. Kuma bayan abin da na yi mata, ban san ko tana so a turo ba. Ko ba ta so, na riga na tafi. Ɗakin nan nata ne."

"Ina so," na ce, kafin kunya ta kama ni. A gaban Umma na faɗa, hawaye yana zuba har cikin bakina. "Ina so, kuma ka yafe mini abin da na ce. Raina ne ya ɓaci."

"Ni na kashe miki 'ya'ya, ke kike ba ni haƙuri?"

"Kai dai ka amsa."

"Na yafe. Dama ban riƙe ba. Hannun ne kawai yake ƙaiƙayi."

Dariya ta kuɓuce mini a tsakiyar kuka. Daga waje aka danna hon, gajere, na mai ladabi. Likita ne yake tuna mana da kansa.

Umma ba ta motsa ba. Ta daɗe tana kallon kumburarren hannunsa, sannan ta juya ga kejin da sababbin sauron suke.

"Waɗannan su ne suka rage?"

"Su ne."

"In ba su sha ba?"

"Sun ƙare, Umma. Ni jinina da magani, shi ma haka."

Ta ajiye jakarta a kan tebur. Ta je famfo ta wanke hannunta har gwiwa, ba ta taɓa sabulu mai ƙamshi ba, ta ɗauki wanda ba shi da ƙamshi ba tare da na nuna mata ba. Ta goge, ta ja kujerata ta zauna, ta naɗe hannun riga.

"Umma, me za ki yi?"

"Tambaye ni abin da ake tambaya."

Na matso kusa da ita.

"Wane magani kika sha?"

"Rabona da magani tun bara, ko na ciwon kai. Ke kin san ni."

"Da zafi fa, Umma. Za ki yi kwanaki kina susa."

"Na haife ki, sauro ne zai ba ni tsoro?"

Ta ɗora hannunta a kan ragar. Ɗaya ta taso ta sauka, wata ta biyo ta. Umma ta ɗan runtse ido, sannan ta buɗe ta matso da fuskarta tana kallon yadda cikinsu ke cika yana ja, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Kai kuma," ta ce ba tare da ta juya ba, "kada ka tako ɗakin nan sai jininka ya wanke. Maganar yayanka ka bar mini. Gobe ka zo ka kai ni gidansa, ina son in ga namijin da zai gaya mini a ido cewa ba a barin aiki saboda aure."

"To, Umma," in ji Mai Kifi.

Aka sake danna hon, wannan karon ya ɗan fi tsawo.

"Auta, je ki sallami Likita. Ki yi masa godiya sosai, ya yi mana kirki. Ki ce ya tafi kawai, zan jima."

"In ya tambayi dalili fa?"

Ta gyara zaman hannunta a kan kejin don na gefe su samu wuri.

"Ki ce ina ba jikokina abinci."